Kafin yaro ya zama ɗalibin jami'a, a bar shi ya kwana a cikinta

A gidajenmu da yawa, ranar da aka kira sunan yaro cikin waɗanda suka ci bak ita ce ƙarshen labari. A yi guɗa, a raba goro, kawunai su aiko da ɗan abin da ya sawwaƙa, uba ya zauna a majalisa ana yi masa barka. Mu malamai kuwa akwai ragowar labarin da yake iske mu daga baya, wata takwas ko tara bayan nan, lokacin da tsofaffin ɗalibanmu suka zo hutu suka biyo gaisuwa. Wani zai ce yana maimaita shekarar fari. Wani ya canza fanni. Wata ba za ka gan ta ba sam, sai ka ji a bakin ƙawarta cewa ta dawo gida tun kafin jarabawar farko. Kuma cikin waɗannan har da yaran da da hannuna na rubuta musu yabo a takardar sakamako.

Ni ta makarantar horon malamai na biyo. Daga can aka tura ni lakwal ta ƙauye, daga baya na dawo koleji, yau sama da shekara ashirin ina riƙe da alli. Ban taɓa kwana a ɗakin kwanan ɗaliban jami'a ba, ban taɓa bin layin abinci da tikiti a hannu ba. Malamai irina suna da yawa a ƙasar nan, kuma mu ne muke cusa wa yara burin zuwa wurin da mu kanmu labarinsa kawai muke ji. Shi ya sa idan tsohon ɗalibi ya zo, nakan zaunar da shi in yi ta tambaya, kamar mai tambayar alhajin da ya dawo.

Abin da nake ji kusan iri ɗaya ne. Wani yaro da ba a taɓa kayar da shi a lissafi ba tun daga aji shida, ya gaya mini ya yi mako uku a amfi bai rubuta ko shafi biyu ba. Yana zaune yana jiran malami ya ce "ku rubuta", malami kuwa yana ta magana, awa biyu suka cika ya tattara takardunsa ya fita. Wata ta ce ba ta san ana iya ƙwanƙwasa ofishin malami a yi masa tambaya ba, ta ɗauka rashin kunya ne. Wani kuma ranar da ya ji labarin takardun neman burs, an riga an rufe karɓa. Babu ɗaya cikinsu da ya ce mini karatun ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa.

In muka duba da kyau, mu ne muka raine su a haka. Shekara shida a firamare, huɗu a koleji, uku a lise: shekara 13 cur malami yana rubutawa a allo, yaro yana kwafa, a duba kaye, a kira suna kowace safiya, wanda bai zo ba a aika gidansu. Rana ɗaya sai a janye duk wannan, a sa shi cikin ɗaki mai ɗaruruwan mutane inda ba wanda ya san sunansa, a garin da ba shi da ko gwaggo. Ɗan da ubansa ko yayarsa suka yi jami'a ya sha jin waɗannan abubuwa a bakin akushi tun yana ƙarami, bai ma san koyonsu yake yi ba. Ɗan manomin da shi ne na fari a zuriyarsu sai ya koye su da kansa, jarabawa kuwa ba ta jiransa. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana.

Wannan matsala ce ta sa na daɗe ina bibiyar wani shiri na ƙasar Amurka mai suna Upward Bound, wato kamar a ce "an nufi sama". Ya fito ne daga dokar yaƙi da talauci ta 1964, zamanin shugaba Lyndon Johnson, aka fara gwada shi a 1965, kuma ya wuce shekara hamsin yana aiki. Gwamnatin tarayya ce ke ba jami'o'i da wasu ƙungiyoyi kuɗi, su kuma su ɗauki ƴan makarantar sakandare na yankinsu. Sharaɗin shiga shi ne abin da ya fi jan hankalina: ko gidan yaro na masu ƙaramin ƙarfi ne, ko kuma babu ɗaya cikin iyayensa da ya kammala digirin jami'a, kuma doka ta ce aƙalla kashi biyu cikin uku na yaran su kasance sun haɗa duka biyun. Yaro ba ya biyan ko sisi, har ɗan kuɗin aljihu ake ba shi.

A babban hutu akan kai su harabar jami'a na kimanin mako shida. A wurare da dama can suke kwana, a ɗakunan da ɗalibai ke kwana, su ci abinci inda ɗalibai ke ci. Ana yi musu lissafi, kimiyya a ɗakin gwaji, rubutun insha'i, adabi da wani harshen waje. Ana nuna musu yadda ake cika takardar neman shiga da ta neman tallafin kuɗi. Da hutu ya ƙare ba a sallame su ke nan ba: cikin shekara akwai mai bibiyarsu da ƙarin darasi da shawara, bayan an tashi makaranta ko ranar Asabar, shekara bayan shekara har su gama sakandare.

Akwai wani iri kuma a can, wanda manyan jami'o'i irin su Harvard da Brown ke buɗewa a hutu ga wanda zai iya biya, dubban daloli don makonni kaɗan. Su da kansu suna faɗa cewa halartar shirin ba ya ba yaro tabbacin samun gurbi. Ba na raina shi, yaran suna ƙaruwa. Sai dai mafi yawan masu iya biyan irin wannan kuɗi, ƴaƴansu sun riga sun san hanyar jami'a tun daga gida. An ƙara wa mai rijiya ruwa. Faransa ma tun 2008 tana da nata tsari, Cordées de la réussite, da ke ƙulla manyan makarantu da lise-lise na unguwannin talakawa da na karkara, ɗalibai manya suna jan ƙannensu.

Kada wani ya ɗauka shirin na Amurka magani ne sha yanzu. Ma'aikatar ilimin ƙasar ta sa wani kamfanin bincike mai suna Mathematica ya bi sawun yaran na tsawon shekaru, kuma rahoton ƙarshe da ya fito a 2009 ya ce idan aka haɗa yaran gaba ɗaya, ba a ga bambanci a fili ba wajen yawan masu wucewa gaba da sakandare tsakanin waɗanda aka ɗauka da waɗanda ba a ɗauka ba. An yi ta gardama kan yadda aka yi lissafin, har a cikin ma'aikatar kanta. Amma akwai abu biyu a cikin binciken da na riƙe. Amfanin ya fi bayyana a wurin yaran da tun farko ba su sa rai za su yi dogon karatu ba, kuma waɗanda suka fi daɗewa cikin shirin sun fi kaiwa gaci. Duk malamin da ya daɗe a aji zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na ɗayan aji zai je jami'a ko an kai shi ziyara ko ba a kai shi ba. Wanda ake tsoron rasawa shi ne na goma sha biyu, mai ƙoƙari, mai shiru, wanda a ransa ya riga ya yanke cewa jami'a ta ƴaƴan wasu ce.

To mu fa? Lokacin da nake lise jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, can ƙetaren gada a Harobanda. A 2010 aka sami na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yau kowace jiha tana da tata. Amma akwai ɗan lise a Maraɗi ko Damagaram da ke wuce ƙofar jami'a a kan kabu-kabu shekara uku, bai taɓa sa ƙafa ciki ba, don ba wanda ya ce masa an yarda ya shiga. Balle na Mayahi, Tanut ko Keita.

Hutunmu kuwa dogo ne, daga Yuli har ƙarshen Satumba. Abin da muke cika shi da shi a birane shi ne kur da bakans: iyaye su biya jaka kaza, yaro ya koma aji ɗaya da wanda ya baro, malami ya rubuta a allo, ya kwafa. Ni ma na sha koyarwa a ciki, kuma ba zan ɓoye ba, kuɗin yana rufa wa malami asiri a watan da albashi ke ƙarewa tun ranar goma. Yana taimakon mai rauni a lissafi ko Faransanci. Amma yaron zai fito bai san komi game da amfi ba, kamar yadda ya shiga.

Kwafo mako shida na Amurka yadda yake ba zai yi mana ba, kuma dalilin farko shi ne damana. Hutunsu hutu ne, namu kuwa lokacin noma ne. Yaron da muka fi so mu kai shi ne wanda ubansa ke ƙirga hannuwansa a noman fari da maimai. Ka ce zai bar gona a Yuli, ka sa uba ya zaɓa tsakanin rumbu da wani abu da bai taɓa gani ba, kuma ni ba zan ga laifinsa ba in ya zaɓi rumbu. Amma akwai ɗan sarari bayan an gama maimai kafin hatsi ya nuna, wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Kwana goma a nan zai yiwu. Kuma a ganina ƴan piramiyar masu shiga tarminal ya kamata a ɗauka, don su yi shekarar bak suna sane da abin da ke gabansu, su zaɓi fanni da ido buɗe. Bayan bak an makara da rabin aikin.

Maganar ƴan mata ita ce mai wuya, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Uba da yawa da ya bar ƴarsa ta kai tarminal ya riga ya sha surutun dangi. Abin da ke tsayar da shi daga nan ba ƙin ilimi ba ne, tsoron wurin da bai sani ba ne: ina za ta kwana, wa ke tsaron ƙofa, da wa za ta zauna. Labarin da yake ji game da ɗalibai mata a majalisa ba mai daɗi ba ne, kuma masu ba da shi galibi ba su taɓa zuwa ba. Idan za a yi irin wannan shiri, ranar fari ta iyaye ce. A kawo uwa ta ga ɗakin da idonta, ta ga makewayi, ta ga masallaci, ta zauna da ɗalibar likitanci ƴar garinsu ta yi mata tambayar da ba za ta iya yi wa namiji ba. Gani ya kori ji. Na san uban da ya ƙi sauraron malamai uku, amma ya sauko bayan matarsa ta raka wata maƙwabciya kai wa ƴarta garin kunu a jami'a, ta dawo ta ba shi labari.

Sai kuma zaɓe. In aka bar shi sakaka, mun san yadda za ta kaya: ɗan darakta, ƴar shugaban iyayen yara, ƙanen wane. Sharaɗin Amurkawa mai sauƙin ganewa ne kuma mai wuyar murɗewa a garin da kowa ya san kowa: a fara da wanda babu mai digiri a gidansu. A karanta sunayen a gaban kojes da iyaye, wanda ke da ja ya ja a nan.

Wani zai ce duk wannan sai da kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiyar waje. Kwana da abinci da mota lalle suna son kuɗi. Amma rabin abin yana hannunmu. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ɗalibai ƴan asalinsa, kuma da yawansu suna dawowa hutu su koyar da ƙannensu kyauta. Maimakon su ƙare hutun duka suna maimaita darasin da muka riga muka yi, a roƙe su su ware kwana biyu su zo da ainihin kayansu: kaye ɗin da suka rubuta a amfi, tsohuwar takardar jarabawa, jerin takardun da hukumar ANAB ke nema da lokacin da ake kai su, bayanin yadda ake tara maki a kowane zango a tsarin LMD da abin da ke faruwa ga wanda ya faɗi darasi ɗaya. Su faɗi nawa suke kashewa a wata, ba tare da ƙari ko ragi ba, iyaye na zaune suna ji. Kowane ɗalibi ya ɗauki ƙane biyu ko uku ya ba su lambar wayarsa, ya riƙa tambayarsu ko sau ɗaya a wata.

Mu ma a aji akwai abin da ba ya cin ko dala. Shekara uku ke nan nakan ware minti ashirin a mako, a ajin ƙarshe na koleji, in ajiye alli in yi ta bayani, in ce kowa ya rubuta abin da ya ga ya kamata a riƙe. Makon fari wasu sukan ba ni farar takarda, wasu su yi ta tseren kama kowace kalma har su ɓace a tsakiya. Sai mu ɗora takarda uku a kan tebur mu kwatanta: me wannan ta ɗauka, me wancan ya bari, don me. Wajen mako na biyar zuwa na shida akan fara ganin kan magana da rassanta a takardunsu. Na gaya wa wani abokin aiki da ke riƙe da tarminal, ya ce manhajar bak ba ta bar masa minti ashirin ba. Na san nauyin da ke kansa, ban yi masa musu ba. Na dai roƙe shi ya gwada da ƴan segon, su da ba su da jarabawar ƙasa a ƙarshen shekara, ya ce zai duba bayan an koma a Oktoba.