Gashi a Bakin Akurki

Da safe na tarar da gashin kaza warwatse a bakin akurki. Aikin muzuru ke nan, mai zuwan dare. Shirwa kuwa da rana tsaka take sure ɗan tsako, ko alama ba ta bari, maciji kuma ya haɗiye ƙwai har da ɓawo. Iyayenmu sun san kowanne da maganinsa: a kifa wa 'yan tsaki kwando, a toshe ramin gindin katanga, wasu har shuni suke shafa musu don shirwa ta ruɗe. Sai na ga kusan duk dabarar nan bayan asara aka koye ta. Uwar 'yan tsaki takan yi kururuwarta ta koma tono. Mu ne ba ma daina ƙirga waɗanda suka tafi.