Wasiƙa zuwa ga injin 504 ɗin Baba

Ya kai tsohon abokina,

Yaushe aka ƙera ka? Ban taɓa yi maka wannan tambaya ba sai da ka bar gidanmu. Shekara da shekaru kana kai mu ƙauye gaisuwar salla, kana kai Inna asibiti da tsakar dare, amma ko sau ɗaya ban ɗauki tsumma na goge baƙin man da ya rufe lambar da aka buga a jikinka ba. Ka yafe mini.

Ga ni yanzu ina bin asalinka a takarda. Danginka dai na san su. Motar da aka yi ka dominta, Peugeot 504, ta fito a Faransa a 1968, da shekara ta zagayo aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai. Injin 'yan fari 1796 cc ne. A 1970 aka ƙara masa girma ya kai 1971 cc, shi ne XN. Kai wanne ne a ciki? Bakanikenmu ya sha cewa babban ne kai, wai daga ƙararka ya gane. Silinda huɗu, kafireta ɗaya, kana kwance a karkace kamar yadda yayanka na cikin 404 yake kwanciya tun 1960. Duk wannan na haddace, amma bai ba ni shekararka ba.

Takardun motarmu shekarar rajista kawai suke faɗa. A Kakuri ta Kaduna aka haɗa motar, masana'antar da ta fara aiki a 1975, kayan kuwa daga Faransa ake kawo su, a wancan zamani har ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. To, wace rana zan riƙe? Ranar da aka narka ƙarfe aka zuba ka? Ranar da aka ɗaura ka a Kakuri? Ko ranar da Baba ya fara murɗa makulli ka amsa masa?

Kuma don Allah gaya mini gaskiya: kai ne na asali? Ina tuna wata damina da motar ta daɗe a gareji, Baba ya riƙa dawowa gida ba ya son magana. Gyara ka aka yi, ko wani aka sauke aka ɗora ka? Da na duba lambarka na gwada da ta takarda, da zancen ya ƙare kafin shayi ya huce.

Ranar da aka daina yin irinka ma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Faransa ta daina ƙera ƙaramar motar a 1983, amma a-kori-kura ta ci gaba da fitowa, ita ma 505 da ta zo a 1979 ta ɗauki irinka a cikinta. Ajantina ba ta tsaya ba sai 1999. Kenya ta kai 2004, Kaduna kuwa ta riƙe har 2006, ita ce ta rufe ƙofa. Duk waɗannan shekarun mota ne, ba naka ba.

Kai ma kana da naka laifin. Me ya sa ba ka taɓa yin ƙorafi ba? Ka sha gurɓataccen fetur ka yi shiru. Ka shaƙi ƙurar hunturu, ka hau tudu da buhunan gero da mutum bakwai, da asuba kuma ka tashi bugu ɗaya. Haƙurinka ne ya koya mana sakaci. Da lagireto ya fara yoyo, ruwa na riƙa ƙarawa ina cewa sai ƙarshen wata. Na ga allurar zafi tana hawa wata rana a hanyar Zariya, na gan ta da idona, na ce bari mu ƙarasa gari. Me ya hana ni tsayawa? Minti nawa zan rasa?

Da ka buga, aka ce kuɗin gyaranka ya fi kuɗinka. Baba ya riga ya rasu, babu mai ce mini a'a. 'Yan gwangwan suka zo da sikeli, suka auna ka, ina tsaye. Ko a lokacin lambarka tana nan, taku biyu tsakanina da ita, ban sunkuya ba.

Cikin shekarun nan duka da na jera maka, guda ɗaya ce tak nake da tabbacin taka ce: shekarar da na miƙa hannu na karɓi kuɗin ƙarfenka.

Naka,
ɗan mai gidanka