Madubi a Saman Bene, Ni a Cikin Gidan Sauro

Duk wanda ya tashi a Zongon Kwatano ya san cewa sama ta yi mana nisa. Kakanninmu da fatauci ya kawo daga Kano da Katsina da Maraɗi sun zo da sunayen taurari a bakinsu, su Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, domin da su suke gane dare ya raba ko asuba ta kusa. Mu mun gaji sunayen, amma fitilun tashar jiragen ruwa da na manyan tituna, da hayaƙin baburan zemijan, da laimar teku, duk sun taru sun rufe mana abin. 'Ya'yanmu kuwa ko sunayen ba su gada ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya kamata in ba masu karatu labarin wata 'yar na'ura da ke saman benenmu tun shekarar 2024, da kuma gardamar da ta jawo mini a majalisa.

Ƙanena da ke zaune a Faransa ne ya kawo mini ita tsaraba. Madubin hangen taurari ne, amma ba irin dogon bututun nan da ake kanga ido a gindinsa ba. Ba shi ma da wurin sa ido sam. Girmansa bai wuce tulun shayi babba ba, bakin gilashinsa milimita 50 ne, a cikinsa akwai kyamara da 'yar kwamfuta da batir da injin da ke juya shi. Irin waɗannan sun yawaita a 'yan shekarun nan: akwai na kamfanonin Faransa Vaonis da Unistellar, akwai kuma Seestar na kamfanin ZWO na ƙasar Sin wanda ya fito a 2023. Sai ka kafa shi a kan ƙafafunsa uku, ka kunna, ka haɗa shi da wayar salula ta hanyar waifai, ka sauko abinka.

Wani zai ce to mene ne daɗin kallon sama daga cikin ɗaki? Wanda ya yi wannan tambaya bai taɓa kwana a saman bene a Kwatano ba. Sauron da ke tasowa daga tafkin Nokuwe da lambatu ba ya san mai ilimin taurari, kuma zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne ga mai shekaru irin nawa. Ga raɓa, wadda kafin ƙarfe ɗayan dare ta jiƙe maka riga sharkaf. Ga kuma maƙwabta, domin mutum a tsaye a saman bene da tsakar dare da abu mai kama da kyamara, alhali gidajen mutane a buɗe suke a ƙasa, ba zai rasa mai zarginsa ba, kuma da gaskiyar mai zargin. Saboda haka tun da wuri na zaga na gaya wa masu gidajen da ke kewaye da mu abin da nake yi, na nuna musu cewa bakin abin sama yake kallo.

Yadda aikin ke tafiya akwai ban mamaki. Idan na zaɓi tauraro a cikin manhajar waya, madubin zai juya ya ɗauki hoton wani yanki na sama, ya gwada taurarin da ke ciki da taswirar da aka zuba masa, ya gane inda ya dosa, sannan ya gyara kansa har ya kai ga abin da na nema. Daga nan sai ya shiga binsa, domin duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, in ba a bi ba tauraro zai fice daga hoto cikin ɗan lokaci. Ba hoto ɗaya yake ɗauka ba. Yana buɗe idonsa daƙiƙa 10, ya rufe, ya sake, yana ɗora wannan kan wancan, kamar mai tara ruwan sama a randa da ɗigo-ɗigo. A minti na farko ba ka ganin komai sai duhu da tsaki-tsaki. Bayan minti 20 sai ka ga gajimaren hayaƙi ja da ke ƙarƙashin taurarin nan uku masu jere, wanda masana ke kira M42, ya fito fili, alhali haskensa ya yi shekara fiye da 1,300 yana tafe. Akwai kuma wani gilashin tacewa a ciki da ke rage hasken fitilun gari, da ɗan abin ɗumama baki don kada raɓa ta kwanta a kai.

Wahalar ba ta wuce biyu ba. Ta farko siminti da rodin dakali, waɗanda ke tare waifai, sai da na sa na'urar ƙara ƙarfinsa a bakin matakala. Ta biyu ruwan sama. A nan daga Afrilu zuwa Yuli hadari ba ya sallama, kuma wanda ke cikin ɗaki ba ya ganin tasowarsa, don haka uwargida ta zama mai gadin sama: da ta ji iska ta canja sai ta ce, "Maigida, kayanka." Daga Disamba zuwa Janairu kuwa ruwa ya ɗauke amma hazo ya sauko. Darare masu kyau a shekara 'yan kaɗan ne, kuma ana gane darajarsu.

Kada a ɗauka lalaci ne ya haifi wannan dabara. Manyan masana ma haka suke yi. Madubin Keck guda biyu da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawayi ta Amurka, sama da mita 4,000, daga garin Waimea da ke ƙasa ake gudanar da kallonsu. A nahiyarmu akwai wani mai suna TRAPPIST-Nord da aka kafa a 2016 a Ukaimeden, kan duwatsun Atlas na Maroko, wanda masanan jami'ar Liyej ta Beljiyam ke sarrafawa ta intanet tare da takwarorinsu na Marrakesh. Bambancina da su, ni tsakanina da nawa matakala goma sha takwas ce.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yara. Ranar da Kaza da 'Ya'yanta ta bayyana a fuskar waya, ɗaki ya cika da yaran layinmu, wata 'yar shekara bakwai ta ce, "Kawu, ai 'ya'yan nata sun fi ƙarfin ƙirga." Da ido shida ko bakwai ake gani, a hoto kuwa ga su nan birjik. Sai na tuna ranar 29 ga Maris 2006, lokacin da rana ta yi husufi, duhunta ya bi ta Gana da Togo, ya ratsa Sabalu a nan Benin, ya wuce Gusau da Katsina da Maraɗi. A ranar kowa a Zongo ya ɗaga kai sama. Tun daga nan ban sake ganin mun haɗu a kan kallon sama ba sai a daren neman wata.

To a nan gizo ke saƙa. Da labari ya bazu cewa ina da abin da ke gani ko ido bai gani ba, sai mutane suka fara tare ni bayan sallar Magariba ta ranar 29 ga Sha'aban: "Alhaji, na'urarka ta ga wata?" Mai karatu ya san halin da muke ciki a Zongo. Rabin danginmu na Najeriya suna jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, wasu kunnensu na Yamai, wasu na Saudiyya, ga kuma shugabannin Musulmi na ƙasar nan da tasu sanarwa. A gidanmu an taɓa yin shekarar da mahaifiyata ta tashi da azumi, matata na dafa abincin Sallah. Mutane sun gaji da haka, suna neman wanda zai yanke musu, sai suka ɗauka na'ura ce alƙali.

Wani dattijo malami da muke zama da shi kusa da babban masallacin Zongo ne ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Ɗana, kai kana cikin ɗaki, ita tana sama. In ta nuna maka wata, wa ya gani, kai ko ita?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ita ce." Ya ce, "To ita za ta zo ta yi rantsuwa?" Aka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce.

Ga abin da na fahimta. Wata na zagayowa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44, kuma a kowace rana yana nisantar rana da kimanin digiri 12. Wani masanin Faransa, André Danjon, ya nuna tun shekarun 1930 cewa idan nisan wata da rana bai kai kimanin digiri 7 ba, ido ba ya iya ganin jinjirinsa. Mafi ƙuruciyar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido ƙuru-ƙuru ya kai kimanin awa 15 da rabi da haihuwa. Amma kyamara ba ruwanta da wannan iyaka. A ranar 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata da rana tsaka, daidai lokacin haihuwarsa, yana digiri 4.4 kacal daga rana. Wato da kayan aiki masu kyau ana iya ɗaukar wata kusan kowane lokaci, har kafin a haife shi. In haka ne, hoto shi kaɗai bai ce komai ba game da shigar wata. A wannan shekarar ma Musulmin Faransa sun rabu: majalisarsu ta CFCM ta bi lissafi ta sa 9 ga Yuli, babban masallacin Paris ya ce 10, daga baya majalisar ta koma kan 10.

Saboda haka ni ban yarda in ba da shaida da abin da na gani a fuskar waya ba, kuma ina ganin duk mai irin na'urar nan da ya yi haka ya ɗora wa kansa kayan da ba nasa ba. Ko gani ta gilashi ya isa shaida, wannan magana ce ta malamai, kuma sun saɓa a kai. Amma ba na goyon bayan masu cewa a jefar da ita gaba ɗaya, domin tana da amfani biyu da ba su taɓa hurumin kowa ba. Na ɗaya, tana nuna inda za a duba. A Kwatano, da yake muna digiri 6 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, duhu na saurin rufawa bayan faɗuwar rana, jinjirin kuma a kwance yake fitowa kamar ƙwarya, ƙasa-ƙasa ta wajen filin jirgin sama na Kajehun, inda hazo ya fi kauri. Mai neman da bai san wurin ba zai ɓata 'yan mintocin da yake da su yana lalube. Na biyu, tana tsare mu daga kuskuren gani. In lissafi ya nuna wata ya riga rana faɗuwa a yammacin nan, wanda ya ce ya gan shi, ko da mutumin kirki ne, wataƙila Zara ya gani ko farin bayan jirgi.

Yanzu abin da muke yi a daren neman wata shi ne, madubin na hawa sama tun La'asar sakaliya, ba na juya shi yamma sai rana ta faɗi don kada ta ƙona idon kyamarar. A wannan dare kaɗai ba na zama a ɗaki. Samari uku masu ƙarfin ido na hawa tare da ni, ni ina riƙe da waya ina ce musu, "Ku dubi saman tankin can, kamar tsawon hannu ɗaya." In sun gani da idonsu, su sauka su je wa liman. In ba su gani ba, ni da wayata mu yi shiru. Malamin nan da kansa ya turo jikansa bara, tare da saƙon cewa kada in bar yaron ya kalli waya kafin ya kalli sama.