NA JE GARIN DA ZOMANYA KE AIKIN ƊAN SANDA

Daga wakilinmu da ya dawo daga ƙasar Sin

Ba aikin jarida ne ya kai ni Chaina ba, gara in faɗa wa mai karatu gaskiya tun daga farko. Kawuna ne, wanda ke sayar da kayan wasan yara da na kwalliya a Kano, ya tafi da ni garin Yiwu a watan Disamba na 2025 don in riƙa yi masa lissafi ina ɗan taɓa masa Turanci. Kwana tara muka yi muna zagaya wata kasuwa wadda in ka shiga da safe ba ka ƙara ganin rana sai ka fito. Amma tun a jirgi ni akwai abin da na ƙudurta a raina, ban dai samu fuskar faɗa ba sai a rana ta bakwai, bayan mun ci taliya a wani shagon Musulmin ƙasar.

Na ce, "Kawu, don Allah gobe ina neman izini zan je Shanghai in dawo."

Ya ce, "Wa gare ka a can?"

Na ce ba kowa, wani gari ne na dabbobi zan je in gani. Ya ɗauka gidan zu nake nufi, ya ce ai akwai a Kano. Da na yi masa bayani cewa dabbobin fim ne, masu magana suna sa kaya suna zuwa ofis, sai ya ajiye cokali ya dube ni kamar yana shakkar takardar difilomar da na kai masa gida. Ya ce, "Yanzu kai ɗan nan, da gemunka, katun za ka je kallo?" Ƙarshe dai ya yarda, da sharaɗi ɗaya: jibi da asuba za a loda kayansa a kwantena, kuma takardun suna hannuna. In ban kwana a Yiwu ba, kada in ƙara ce masa Kawu.

Ga wanda bai san zancen ba, fim ɗin da ake magana sunansa Zootopia. Kamfanin Disney ne ya fitar da shi a 2016, Byron Howard da Rich Moore suka ba da umarni, ya samu fiye da Dala biliyan ɗaya a duniya, ya kuma ci kyautar Oscar ta finafinan zane a 2017. Labarin wata zomanya ce 'yar ƙauye, Judy Hopps, wadda ta dage sai ta zama 'yar sanda a babban birni, alhali aikin na ƙarti ne irin su giwa da karkanda. Maimakon bincike sai aka tura ta titi tana yanka wa motoci tara. Can ta gamu da wani ɗan damfara, Nick Wilde, wanda a Hausance dila za mu kira shi, ko da yake ya fi kusa da yanyawa. Su biyun ne suka tono makircin da ya kusa raba garin gida biyu.

Daga Yiwu zuwa Shanghai a jirgin ƙasa mai gudun tsiya bai kai awa biyu ba. Daga tasha na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na canja zuwa layi na 11, wanda ƙarshensa shi ne ƙofar Disneyland ɗin da aka buɗe a yankin Pudong ranar 16 ga Yuni, 2016. Ba sai ka tambayi hanya ba. Tun kafin a iso za ka ga taragon ya cika da dogayen kunnuwan zomo a kan 'yan mata, samari kuma da jelar dila a ɗaure a ƙugu. Wata dattijuwa da ta haifi mahaifiyata tana zaune a gabana da hular 'yan sanda mai kunnuwa, fuskar nan a murtuke, babu ko alamar wasa.

Lokacin da na je a 2025, kuɗin shiga yana tashi tsakanin yuwan 475 da 799 gwargwadon ranar da ka zaɓa, kuma da fasfo ɗinka ake haɗa tikitin. Ba zan faɗi abin da ya kama a Naira ba saboda Kawu yakan sa a karanta masa mujallar nan. Abin da zan ce kawai, kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa don sayen sabuwar rikoda ne suka tafi a nan.

Wurin faɗi gare shi, akwai sassa da yawa, amma ni ban tsaya ko'ina ba. Kai tsaye na nufi unguwar Zootopia, wadda aka buɗe ranar 20 ga Disamba, 2023, kuma ita ce ta farko irinta da Disney ya gina a duniya.

To, mai karatu, a nan ne zan ɗan daɗe, domin abin da ya kama ni a wurin ba hasken lantarki ba ne ko tsawon gini. Ƙofofi ne. Ka tsaya gaban gini ɗaya ka ga ƙofa uku: doguwa ta raƙumin dawa, matsakaiciya wadda mutum zai iya bi, sai wata 'yar mitsitsiya a ƙasa daidai idon sawunka, ta ɓera, da 'yar fitilarta da ɗan matakalarta. Ka ɗaga kai ka ga tagogi, wata babba wata kamar akwatin ashana. Allunan talla, alamun titi, kujerun zama, komai an yi shi ne da tunanin cewa mazauna garin nan ba girmansu ɗaya ba. Na tsuguna ina ɗaukar hoton ƙofar ɓera, sai na waiwaya na ga mutum wajen shida sun tsuguna a bayana suna jiran layi.

Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan a Kano ya san yadda muke yi. A ari falon wani Alhaji, a gyara kujeru, a ce gidan jarumi ne. Gobe a juya kujerun a ce gidan surukansa ne. Ba zagi nake ba, na san kuɗin da furodusa ke da shi. Amma ƙofar ɓeran nan ba tsadarta ce ta sa ta burge ba. Wani ne ya zauna ya tambayi kansa, shin in ɓera zai shiga banki ta ina zai bi? Wannan tambayar ba ta cin ko sisi.

A kan babban titin unguwar akwai wani bene da dabbobin ke leƙowa ta tagoginsa lokaci-lokaci, suna hira da juna suna tsokanar masu wucewa. Da Sinanci suke yi, ban ji ko kalma ba, amma na san inda dariya take domin jama'a na fashewa ni ma sai in bi. Na sayi ƙanƙarar nan mai siffar tafin dabba, irin wadda Nick ke damfarar mutane da ita a fim. Cikin sanyin Disamba, ni ɗan Kano da rigar sanyi ɗaya. Haƙorana sun gaya mini ra'ayinsu.

Babban abin da ke tara jama'a shi ne Hot Pursuit. Ta ofishin 'yan sanda ake shiga, a matsayin kai sabon kurtu ne. A teburin karɓar baƙi ga Clawhauser, ƙaton damisan nan mai son cin zaƙi, yana motsi yana magana kamar mai rai. Ka wuce ɗakunan tsare masu laifi, su ma manya da ƙanana, ka iso gaban Sufeto Bogo, ɓaunan da Idris Elba ya yi wa murya a fim ɗin Turanci, ya ba ku umarni. Labarin shi ne Bellwether ta tsere daga kurkuku ta sace mawaƙiya Gazelle, barewar da Shakira ta yi wa murya. Sai a zuba ku a mota. Motar ba ta kan dogo, kwamfuta ce ke jan ta, don haka takan juya, ta ja da baya, ta zame gefe ba ka san inda za ta nufa ba. A bi da ku unguwar ƙanƙara, a faɗa unguwar Sahara, a ɓulla dajin ruwan sama. Na fi awa ɗaya a layi, abin kuma 'yan mintoci ne. Da na fito sai na sake komawa layin. Wannan shi ne kuskurena na ranar, zan dawo kansa.

A layi na biyu na samu lokacin tunani. Bellwether ɗin nan tunkiya ce, 'yar ƙarama mai tabarau da sanyin murya, mataimakiyar magajin gari wanda shi zaki ne. Duk fim ɗin hankalinka na kan masu fiƙa da farce, ashe ita ce ke sa a harbi masu cin nama da wani dafi na fure su haukace, don masu cin ciyawa, waɗanda su ne mafi yawa, su tsorata su taru a bayanta ta riƙe mulki. Ita kanta Judy, jarumar, sai da ta tsaya gaban 'yan jarida ta yi katoɓarar cewa abin a jininsu yake, ta ɓata wa abokinta rai, ta jefa gari cikin zargin juna. A ganina wannan fitowar ta fi duk wani guje-guje da ke fim ɗin. Kawu ya ce katun ne. Ni kuwa na ga finafinan manya da yawa da ba su yi ƙarfin halin sa jarumarsu ta yi laifi irin wannan ba.

Me ya sa aka gina garin a Shanghai ba a Amurka ba? Kasuwa. Mutanen Sin sun rungumi fim ɗin farko fiye da kowace ƙasa in ka cire Amurka. Sunan da suka sa masa ma na nufin mahaukacin birnin dabbobi. Har wata dabara aka yi musu: mai karanta labarai a talabijin ɗin cikin fim, a kwafin da aka nuna a Sin panda ne, a na Ostireliya kowala, a na Japan wata dabbarsu ta gida. Da na biyu ya fito ranar 26 ga Nuwamba, 2025, da sabon ɗan wasa, maciji mai suna Gary wanda Ke Huy Quan ya yi wa murya, kuɗin da ya tara a Sin sai ya zarce wanda ya tara a Amurka kanta. Lokacin da nake can fastocinsa ne ko'ina, daga tashar jirgi har jikin kofin shayi.

Kuma ba Disney ne ya koya musu son dabba mai magana ba. A Shanghai ɗin nan akwai tsohon kamfanin finafinan zane da aka kafa a 1957, wanda ya yi fim ɗin Sarkin Birai, Sun Wukong, kashi biyu a 1961 da 1964, ya kuma yi na wani baƙin mage ɗan sanda a 1984. A 2025 ma sun fitar da wani mai suna Nobody, labarin ɗan alade da kwaɗo da abokansu biyu, ya yi kasuwa sosai. Daga tatsuniyoyinsu da tsofaffin littattafansu suke ɗebowa. A wasu ƙasashen abin ya wuce kallo: akwai masoya da ke ɗinka wa kansu cikakkiyar shigar dabba tun daga kai har ƙafa, suna taro duk shekara, kamar Anthrocon da ake yi a birnin Pittsburgh na Amurka tun 2006.

Sai na tuna da namu. Gizo da Ƙoƙi. Kura da kwaɗayinta da wautarta. Dila malamin daji. Akun da Abubakar Imam ya ɗora wa nauyin ba da labari a Magana Jari Ce tun 1937, har ya zama waziri. Abokin damfarar Nick ma, ɗan ƙaramin nan mai manyan kunnuwa da muryar ƙato, Finnick, yanyawar Sahara ce, irin wadda ake samu a hamadar Nijar. Wato dabbarmu ce ta je Amurka ta yi fim ta dawo Shanghai ana sayar da 'yar tsanarta. Mu kuwa, ban da 'yan gajerun zane da wasu samari ke wahala su kaɗai suna ɗorawa a YouTube, furodusoshinmu sun bar Gizo a bakin kakanni. Yaran gidanmu sun san Simba, sun san Tom da Jerry. Na tambayi ƙanwata 'yar shekara takwas wace ce matar Gizo, ta ce ba ta kalli wannan ba.

Ina cikin wannan tunani na duba agogo. Layi na biyu ya ci mini lokaci fiye da na farko, ga shi daga ƙarshen layi na 11 zuwa tashar jirgin Yiwu tafiya ce ta fiye da awa. Ban tsaya wasan wutar da ake yi da dare ba, wanda kowa ya ce shi ne ƙarshen kallo. Na fito da gudu, ledar tsaraba a hannu, jakar takardun Kawu a ƙirji. A wurin canjin jirgi na bi ɓangaren da ba shi ba, sai da na wuce tasha biyu na gane, na sauka na juyo. Na isa ana saura 'yan mintoci a rufe ƙofa. Sai da na zauna jirgi ya tashi na lura hannuna na rawa, ban san ko sanyi ba ne ko Kawu.

Na same shi bai yi barci ba, yana zaune da carbi da kalkuleta. Bai tambaye ni yadda na ga gari ba. Takardu ya fara karɓa ya ƙirga, sannan ya ce in nuna masa abin da na sayo. Na fito da kunnuwan zomo da na saya wa ƙanwata. Ya juya su, ya ja ɗinkin, ya lanƙwasa ƙarfen ciki, ya tambayi nawa. Na faɗa. Ya yi salati.

Washegari bayan an gama lodi ya ja ni sashen kayan wasa na kasuwar, ya tsaya gaban wani shago da aka rataye kunnuwan zomo da jelar dila, marasa suna, jibgi guda. Ya yi ciniki da kalkuleta kamar yadda ya saba, ya sa a ajiye masa katan biyu saboda Sallah. Muna fitowa ya ce, "Kai ɗan nan, zomanyar nan taka, me ka ce sunanta? In yara suka tambaya a shago in san abin faɗa."