Wayar Tarho a Gidanmu

Ni dai ban tarar da zamanin wayar girke ba, labari na sha a bakin Baba, wanda ya yi aikin gwamnati a Sakkwato kafin ya dawo gida Tambuwal. A wancan lokaci babu zancen zaɓen kamfani. Gidan waya ne kaɗai, sannan NITEL daga 1985. Sai mutum ya cika takarda, ya biya, ya zauna jiran ranar da za a ja masa waya daga turke zuwa ɗaki. Lambar Sakkwato 060 ce, har yau bai manta ba.

Abin da ya fi burge ni, wayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Haihuwa ko rasuwa, in aka bugo daga Kano, yaro ake turawa a guje ya kirawo maƙwabci.

Da wayar salula ta shigo a 2001, zaɓi ya samu. Amma ran da zan saya wa kakata layi, can ƙauyensu wajen Kebbe, ban bi ta araha ba. Maƙwabtanta na tambaya wane layi ke kamawa har cikin ɗakinta, don kada tsohuwa ta riƙa hawa tudu da sanda kafin ta ji muryata.