Kalmar da na koya a jikin kwali

Duk mai harkar kaza daskararriya a Kwatano ko Tema ya san kwalayen ƙasar Folan, domin a Tarayyar Turai babu ƙasar da ta kai ta samar da naman kaji. Shekaruna sun haura 50, ban yi boko mai zurfi ba, amma sana'a ta tilasta mini karanta abin da ke jikin kwali. A nan na haɗu da kalmar wątroba, wato hanta.

Furucinta kusan "bontroba" ne. Idan hanta ce ta ci, musamman ta kaza, sai su ce wątróbka. Asalin kalmar a tsohon harshen kakanninsu na nufin kayan ciki baki ɗaya, daga baya ta tsaya a kan hanta kaɗai.

To, 'yan'uwa, ga inda gizo ke saƙar. Hanta dai hanta ce, kalmar da ke biye da ita ce ke faɗin dabbar. Drobiowa ta tsuntsayen gida ce, irin su kaza da talotalo. Wołowa ta saniya. Wieprzowa kuwa ta alade ce. Idan an yayyanka hanta ta daskare, ido ba ya saurin rabewa. Matar da ta zo sayen kilo guda ba za ta karanta kwali ba, fuskarka take karantawa. Amanar tukunyarta tana wuyanka.

Ko kwalin ya ce kaza ce, da sauran magana, wato yanka. A 2013 Folan ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba, sai a Disamban 2014 kotun tsarin mulkinsu ta soke hanin. Saboda haka ana yankan halal a can, amma ba kowace mayanka ba. Ni dai sai na ga takardar shaidar halal ta dace da lambar mayankar da ke jikin kwali nake biyan kuɗi.

Wani abin sha'awa, mutanen Folan idan abu ya tsaya musu a rai, cewa suke ya kwanta musu a kan hanta. Mu kuwa hantarmu kaɗawa take idan tsoro ya zo. Riba ta 'yan kwanaki ba ta kai a ciyar da Musulmi abin da bai sani ba. Ku koya wa yaran shagonku kalmomin nan huɗu, ku rubuta su a bango kusa da firiza.