Ɗari da Talatin a Allon Kwamfuta

Cikin watan Fabrairu, lokacin da tumatirin Kadawa ke nuna kuma kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna, wata Hilux mai shan gas ta soma yi wa mai ita gardama. Mutumin manomi ne a yankin Bunkure, yana da 'yan kadada a ƙarƙashin ruwan Tiga, motar kuwa ita ce ƙafarsa: taki da ita, shanshera da ita, tumatir da ita. Idan babu kaya tafiya take lafiya lau. Da an ɗora mata lodi an hau titin Zariya, sai ta yi sanyi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Tumatir kuma ba ya jiran mai jinyar mota.

Ya kai ta wurin wani matashin bakanike a Kura, irin na yanzu masu kwamfutar hannu. Yaron ya jona na'urarsa, suka hau titi, aka take totur. Allo ya nuna matsin iskar da ke shiga injin: 130 kPa. Ya yi lissafi a ka, ya ce ai wannan 1.3 bar ke nan, motar kuwa kusan bar ɗaya take bukata, saboda haka tobo ƙalau yake, har da rara. Hukunci ya faɗa kan nozul guda huɗu, waɗanda kuɗinsu zai lashe rabo mai tsoka na ribar noman ranin bana.

Lissafinsa daidai ne, domin 100 kPa su ne bar ɗaya. Na'urar ma ba ta yi ƙarya ba. Matsalar tana wajen inda ƙirga ta faro.

Kowane ma'aunin matsi yana da sifilinsa, kuma sifilin iri biyu ne. Gejin mai faci da ke nuna 32 a kan taya yana farawa ne daga iskar da muke shaƙa. Ma'anarsa cikin tayar ya ɗara waje da psi 32. Tayar da ta sace sarai tana nuna sifili, alhali akwai iska a cikinta, sai dai ta yi kunnen doki da ta waje. Ɗaya nau'in kuwa yana farawa daga wurin da babu iska ko kaɗan, don haka yana haɗawa da nauyin sararin da ke bisa kanmu. A gaɓar teku nauyin nan ya kai 101.3 kPa, wato psi 14.7. Ƙasar Kano tana bisa teku da kusan mita 480, saboda haka a nan yakan tsaya wajen 96. Sensar da ke kan bututun iskar injin, wadda kwamfutar mota ke saurara, da wannan sifili na biyu take aiki. Littafin mota da hirar direbobi kuwa, idan suka ce tobo yana ba da bar ɗaya, ƙari suke nufi a kan iskar waje.

Wanda ya warware zancen wani dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran taraktoci da injinan ban ruwa a yankin, ya zo gareji sayen mai kawai. Bai taɓa kwamfutar ba.

"Ɗana, kashe motar, ka bar makulli a kunne. Me ta nuna?"

"Casa'in da shida, Baba."

"Injin yana kwance, tobo yana kwance. To wa ya ba ka casa'in da shidan nan?"

Yaron ya yi shiru, sannan ya cire 96 daga 130. Saura 34. Tobon da ya yaba wa yana kawo sulusin abin da ake jira daga gare shi, domin lafiyayyen injin irin wannan, a cikin lodi, kusan 200 ya kamata allo ya nuna.

Abin mamaki, manoman wannan yanki sun fi kowa sanin nauyin iska, ko da ba su kira shi da suna ba. Aikin noman rani na Kogin Kano, wanda ya dogara da madatsar Tiga da aka kammala a 1974, gangara ce ke kai ruwansa gona. Amma wanda gonarsa ke wajen kanal dole ya ja ruwa da inji, kuma duk mai inji ya san akwai zurfin da ba ya jawuwa, komai ƙarfin injin. Dalili shi ne famfo ba ya jan ruwa a haƙiƙa. Yana rage iskar da ke cikin tiyo ne, nauyin iskar waje ya danna ruwan ya hau. Matsin 96 kPa ba zai ɗaga ruwa sama da kimanin mita 9.8 ba, a aikace ma mita bakwai ko takwas ne iyaka. Wannan ne ya sa ake haƙa rami a saukar da inji kusa da ruwa idan rani ya yi nisa. Irin wannan ɗaure kai na masu rijiya a Italiya shi ya kai Evangelista Torricelli ga gwajinsa na zaiba a 1643, wanda ya haifar da ma'aunin nauyin iska.

Injin mota ma haka yake shaƙa. Fistin ya sauka, iskar waje ta tura kanta ciki, kuma abin da sarari ya bayar shi ne iyakar rabonsa. Shi ya sa motar da ba ta da tobo take rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinta a duk hawan mita ɗari, direban da ya ɗauki kaya zuwa Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, yana ji a ƙafarsa. Tobo, wanda injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, dabara ce ta tsallake wannan iyaka: hayaƙin salansa yana juya farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska. Gas ba ya ƙonewa sarai sai da wadatar iska. Idan ta gaza, ragowar man ya fita baƙi, wanda shi ne hayaƙin da manomin ke gani a madubi.

Dattijon ya sa aka fara da matatar iska, domin ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa ba sa raga mata. An same ta da datti, amma ba ta toshe ba. Sai ya bi tiyon roba da ya taso daga tobo zuwa ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska, yana shafawa da hannu. A ƙarƙashi, inda ido ba ya kaiwa, yatsansa ya dawo da baƙin mai. Tsaga ce mai tsawon ɗan yatsa, wadda ke rufe bakinta idan mota na tsaye, ta buɗe idan matsi ya taru.

A garejin babu irin tiyon, sai da aka aika Ƙofar Ruwa. Washegari da hantsi suka sake hawa titi da kwanduna a baya, matashin yana riƙe da kwamfutarsa a kujerar gefe. Kafin a tayar da injin ya rubuta 96 a bayan hannunsa da biro. Da suka wuce Kura aka take totur, lambar ta haura 190, shi kuma yana ta cirewa a ka.